Waɗanne ƙasashe ne na gurguzu, kuma me tsarin ke yi wa tattalin arziki?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Sakkwato, a Mabera nake zaune. Tun da aka janye tallafin mai kusan kullum sai mun yi gardama a majalisarmu bayan Isha'i. Wani abokinmu ya dage cewa gurguzu ne kaɗai mafita ga Najeriya, hujjarsa ita ce ƙasar Sin da Norwe da Suwidin duk 'yan gurguzu ne, kuma ga inda suka kai. Wani kuma ya ce ba haka ba ne, 'yan gurguzun gaskiya su ne Benezuwela da Kyuba da Koriya ta Arewa, kuma kowa ya san wahalar da ake sha a can. Don Allah Malam a warware mana. Waɗanne ƙasashe ne ainihin na gurguzu, kuma tsarin gina tattalin arziki yake yi ko rusa shi? Allah Ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Amin, ɗan'uwa, Allah Ya yi muku albarka da kai da abokan naka. Tambayoyi biyu ka haɗa: wa ya cancanci sunan, sannan me tsarin ke haifarwa. Dalilin da ya sa gardamarku ba ta ƙarewa shi ne kowanne daga cikin abokan naka ya riga ya yanke hukunci a kan ta biyun, sa'annan ya koma ya tsinto ƙasashen da za su gaskata shi. Mai son gurguzu ya kwashi masu arziki ya ce nasa ne, mai ƙinsa ya kwashi masu fama da yunwa ya ce su ne kaɗai. Fannina tattalin arzikin noma ne, shi na yi aiki a kai tare da manoman fadama kafin in koma aji, don haka za ka ga na fi jingina da gona a cikin amsar.

A asalin ma'anarsa, gurguzu tsari ne da hanyoyin samar da arziki, wato ƙasar noma da ma'adinai da masana'antu da bankuna, suke fita daga hannun ɗaiɗaikun masu jari su koma hannun jama'a. A aikace kuwa hannun jama'ar nan kusan ko'ina hannun gwamnati ya zama. A tsarin da Tarayyar Sobiyet ta shimfiɗa bayan juyin juya halin 1917, ofishin tsare-tsare ne ke faɗin tan nawa na ƙarfe za a narka, takalmi nawa za a ɗinka, da nawa za a sayar. Amma akwai wani reshe da ya tsiro daga ƙungiyoyin ƙwadago na Turai, wanda ya yarda da zaɓe, daga baya kuma ya haƙura da ƙwace masana'antu. Babbar jam'iyyar wannan reshe a Jamus ta Yamma ta ajiye aƙidar Markisanci, wato koyarwar Karl Marx, a 1959, jam'iyyar Leba ta Ingila kuma ta goge alkawarin mallake masana'antu daga tsarin mulkinta a 1995. Abin da suka riƙe shi ne a bar ɗan kasuwa ya yi kasuwancinsa, a karɓi haraji mai nauyi, a biya wa kowa makaranta da asibiti. Rassan biyu suna amsa suna ɗaya, ga shi kuma sun yi hannun riga a kan babbar magana, wato mallaka.

Sunan da ke takarda da abin da ke ƙasa

Idan suna za a bi, ƙasashe biyar ne a yau jam'iyya guda mai tushen kwaminisanci ke mulkinsu: Sin, Biyetnam, Lawos, Kyuba da Koriya ta Arewa. Bayansu akwai waɗanda suka rubuta kalmar a kundin tsarin mulkinsu. Indiya ta saka ta a 1976, Siri Lanka a cikin cikakken sunan ƙasar ma take, Bangaladash da Tanzaniya da Fotugal duk suna da ita. Amma Indiyar nan ce gidan wasu daga cikin manyan attajiran duniya, kuma tun 1991 ta kwance yawancin takunkumin lasisin da ta ɗaure 'yan kasuwarta da shi.

Juya ta ɗaya gefen kuma. A Saudiyya kamfanin mai na Aramco, wanda shi ne ƙashin bayan arzikin ƙasar, kusan gaba ɗayansa na gwamnati ne. A Singafo gwamnati ce ta mallaki kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙasa, kuma kusan mutum 8 cikin 10 a gidajen da hukuma ta gina suke zaune. Yau ba wanda ke kiran ɗayansu 'yar gurguzu. Mu kanmu fa? Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa duk filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi ya sa takardar filinka haƙƙin zama take ba ka. A Arewa ma abin ya girmi 1978, Turawan mulkin mallaka ne suka fara shi a 1910. Sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce mai da iskar gas da duk ma'adinai na gwamnatin tarayya ne, sashe na 16 kuma ya ɗora wa gwamnati tafiyar da manyan sassan tattalin arziki. Wanda ya karanta waɗannan kawai zai ɗauka Najeriya ta fi Suwidin gurguzu, kuma ta fuskar mallaka bai yi nisa da gaskiya ba.

Saboda haka ni idan aka kawo mini ƙasa, ba na tambayar sunan da ta raɗa wa kanta. Ina duba wa ya mallaki gona da masana'anta, wa ke yanke farashi, kuma idan harka ta yi asara wa ke ɗaukar ta.

Da wannan ma'auni Suwidin da Denmak ba su shiga ba ko kusa. Volvo da Ericsson da IKEA ba na gwamnati ba ne. Suwidin ta soke harajin gado, a 2007 kuma ta soke harajin dukiya. A 2015 firaministan Denmak na lokacin, Lars Løkke Rasmussen, ya tsaya a jami'ar Harvard ya faɗa ƙarara cewa ƙasarsa tattalin arzikin kasuwa take yi. Abin da ya bambanta su shi ne haraji. Sama da kashi 40 cikin ɗari na duk abin da ƙasa ta samar a shekara yana shiga aljihun gwamnati, kuma ba attajirai kaɗai ke biya ba. Harajin kayan saye a can kashi 25 ne, namu 7.5. Norwe ta ɗan bambanta, domin gwamnati na da kashi 67 na kamfanin mai na Equinor, amma shi ma kamfanin a kasuwar hannun jari yake, yana gogayya da wasu, ana bincikar littattafansa.

Ƙasar Sin ita ce mai wuyar sha'ani, kuma duk wanda ya ba ka amsa da kalma ɗaya a kanta ya rage wani abu. Ƙasa ba ta mutum ba ce, haya ake ba shi, na gidan zama shekara 70. Manyan bankuna da lantarki da mai da jirgin ƙasa na gwamnati ne, jam'iyya kuma tana iya taka wa kowane attajiri birki. Amma kamfanoni masu zaman kansu ne ke samar da kusan kashi 60 na arzikin ƙasar da kusan kashi 80 na ayyukan yi a birane, kuma kasuwa ce ke yanke farashin yawancin kaya. Babur da wayar hannu da injin ban-ruwan da 'yan kasuwarmu ke saro wa daga Guwanzu, yawancinsu masana'antun masu neman riba ne suka ƙera su. Benezuwela kuwa, duk da tsohon shugabanta Hugo Chávez ya kira tafiyarsa gurguzun ƙarni na 21 kuma ya ƙwace kamfanoni da gonaki masu yawa, galibin harkokin ƙasar sun ci gaba da zama a hannun 'yan kasuwa. Abin da gwamnati ta kama da ƙarfi shi ne mai da farashi da canjin kuɗi. Waɗanda suka fi kusa da tsohon tsarin Sobiyet a yau su ne Koriya ta Arewa da Kyuba, ita ma Kyuban ta halatta ƙananan kamfanoni masu zaman kansu a 2021.

Inda ya yi ƙoƙari

Adalci ne a faɗi abin da tsarin ya iya. Idan aikin guda ne, sananne, mai buƙatar a tara ƙarfin ƙasa wuri ɗaya, gwamnatocin gurguzu sun nuna bajinta. Sobiyet ta fara shirinta na shekara biyar-biyar a 1928 tana ƙasar manoma, zuwa 1957 ta harba tauraron ɗan'adam na farko, a 1961 ta aika mutum sararin samaniya. Kyuba ta yi gangamin yaƙi da jahilci a 1961, ta tura matasa ƙauyuka, cikin shekara guda ta kusa kawar da shi. A 2018 tana da likita sama da 8 ga kowane mutum dubu, mu ba mu kai rabin likita guda ga mutum dubu ba. A Sin tsawon rai ya tashi daga ƙasa da shekara 45 zuwa sama da 60 tun kafin a buɗe kasuwa, saboda rigakafi da tsabta da ma'aikatan lafiya na ƙauye. Ni a ganina wannan tushe na lafiya da karatu yana cikin abin da ya sa buɗe kasuwar ya yi mata amfani da sauri, kuma masu yabon jari-hujja sun cika tsallake shi. Ga mu da muke jihar da yara marasa zuwa makaranta suka yi yawa haka, wannan ba abin rainawa ba ne.

Gona ce ta tona asiri

Inda tsarin ya fi faɗuwa, kuma ya faɗi iri ɗaya a nahiyoyi daban-daban, shi ne noma. Shugaban Sobiyet Stalin ya tilasta wa manoma haɗe gonakinsu daga 1929, a 1932 zuwa 1933 yunwa ta kashe miliyoyin mutane a Yukiren da Kazakistan. Sin ta maimaita a 1958 zuwa 1962, kuma ko mafi ƙarancin ƙiyasi yana cewa mutum miliyan 15 suka mutu, da yawan masana kuma suna cewa miliyan 30 ko fiye. Sobiyet, mai faɗin ƙasar noma da babu kamarta, ta koma sayen hatsi daga Amurka a 1972.

Akwai wani adadi da nake son ɗalibaina su riƙe. A Sobiyet an bar wa kowane manomi ɗan fegi a bayan gida. Waɗannan fegin ba su wuce kashi 3 cikin ɗari na ƙasar da ake nomawa ba, amma kusan kashi ɗaya bisa huɗu na amfanin gonar ƙasar daga nan yake fitowa, musamman dankali da kayan lambu da ƙwai da nama. Duk wanda ya tashi a gidan manoma ya san gandu da gayauna. Gandu yana tafiya ne saboda maigida na tsaye a kai, rumbun a tsakar gida yake, kowa ya san da hatsin za a ciyar da shi a yi masa aure. Duk da haka ka dubi yadda saurayi ke rawar jiki ranar da zai shiga gayaunarsa. To ka ɗauki gandun nan ka haɗa na gari ɗari, ka cire maigida ka sa ma'aikacin da aka turo daga birni, ka kai rumbun inda manomi ba zai taɓa ganinsa ba. Abin da aka yi ke nan.

Hujja mafi ƙarfi ita ce abin da ya faru da aka sassauta. A ƙarshen 1978 manoma 18 a ƙauyen Xiaogang na lardin Anhui suka dangwala yatsa a asirce, suka raba gonar haɗaka gida-gida, da sharaɗin kowa ya ba gwamnati kasonta ya riƙe saura. Girbinsu ya ninka, gwamnatin Deng Xiaoping ta mayar da abin tsarin ƙasa. Hatsin da Sin ke nomawa ya tashi daga tan miliyan 305 a 1978 zuwa miliyan 407 a 1984. Gaskiya ne an ƙara kuɗin da gwamnati ke sayen hatsi, taki ma ya ƙaru, amma ƙasar ita ce dai, manoman su ne dai, jam'iyyar ma ba ta canza ba. Biyetnam ta bi sahu da sauye-sauyen 1986, ta mayar wa iyalai gonaki a 1988, a 1989 ƙasar da ke layin shinkafa ta fara fitar da ita waje. Mutum kusan miliyan 800 da Bankin Duniya ke cewa sun fita daga matsanancin talauci a Sin, bayan wannan sassauci suka fita. Don haka abokinka da ke kafa hujja da Sin ya sani cewa bunƙasar ta zo ne lokacin da aka rage gurguzun.

A nahiyarmu ma an gwada. Julius Nyerere, shugaban Tanzaniya na farko, mutumin da ko abokan hamayyarsa ba su tuhume shi da sata ba, ya shelanta Ujama'a a Arusha a 1967, wato gurguzu irin nasa na ƙauyukan haɗaka. Da manoma suka ƙi komawa ƙauyukan haɗaka da son ransu, aka kwashe miliyoyi da ƙarfi tsakanin 1973 da 1976. Karatu ya yaɗu, ƙabilanci ya yi sanyi, amma amfanin gona na sayarwa ya faɗi, shaguna suka bushe. Fari da tsadar mai da yaƙin Yuganda sun taimaka, ba a musu. Ya sauka a 1985, a 1986 magajinsa ya sa hannu da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Darasin Tanzaniya yana da nauyi a wurina domin ya rushe zancen da ake yawan yi cewa da za a samu shugaba mai gaskiya shi ke nan.

Na ga ƙaramin misalin wannan da idona. A wata ma'aikata da aikina ya haɗa ni da ita, akwai filin ajiye taraktocin haya na gwamnati. Ka shiga ka ga layinsu, fentin bai ko dushe ba, ciyawa ta fito ta tsakanin tayoyi. Wannan famfon mai ne ya lalace, aka cire na waccan aka sa mata, waccan kuma aka bar ta a kan duwatsu. Kuɗin gyara sai takarda ta je hedikwata ta dawo, kafin nan damina ta yi nisa. Direban albashinsa na zuwa ko ya yi huɗa ko bai yi ba. A wannan lokacin kuma, a fadamun Wurno da Kware, manomi mai injin ban-ruwa ɗan ƙarami idan ya tsaya masa da hantsi, zai ɗaure shi a bayan babur ya kai wa makanike, kafin La'asar ruwa na gudu a cikin albasarsa, don ya san kwana biyu ba ruwa asarar wa ce. Ban ɗauka ma'aikatan can sun fi manomin lalaci ba. An dai ajiye su ne a inda lalacewar tarakta ba ta taɓa tukunyar gidansu.

Farashi

Abu na biyu da ke karya irin wannan tsari shi ne yanke farashi daga ofis. Ka je kasuwar Ramin Kura lokacin da albasa ta fito, buhu ya faɗi warwas, ka koma bayan wata biyar ka ji kuɗinsa. Wannan tazara ita ce ke sa manomi ya kafa rudu ya adana, ita ke sa ɗan kasuwa ya yi lodi zuwa Kudu ko Gana. Ba wanda ya ba su umurni, farashin ne ya gaya musu inda ake buƙata da lokacin da ake buƙata. Ranar da hukuma ta ce buhu kuɗinsa kaza ne rani da damina, ba mai sauran dalilin adanawa, kuma wata uku ba za a ga albasa a kasuwa ba sai ta bayan fage.

Dattawanku za su tuna 1984, lokacin da sojoji ke buɗe shaguna da rumbunan 'yan kasuwa suna sayar da kaya a farashin gwamnati, mutane na kwana a layin madara da sukari da sabulu. Kafin nan hukumomin sayen amfanin gona sun daɗe suna sayen gyaɗa da auduga a ƙasa da farashin duniya, har aka rushe su a 1986. Benezuwela ta ƙayyade farashin abinci da canjin dala daga 2003. Muddin gangar mai na sama da dala 100, ana rufe ɓarakar da shigo da kaya, talauci ma ya ragu sosai a shekarun Chávez. Da farashin mai ya karye a 2014, sai gwamnati ta koma buga kuɗi. Babban bankin ƙasar da kansa ya ce hauhawar farashi ta haura kashi 130,000 cikin ɗari a 2018, mutum sama da miliyan 7 suka bar ƙasar. Mai samun dala a farashin gwamnati ya sayar a kasuwar bayan fage shi ya yi arziki, kuma wannan ba baƙon labari ba ne ga wanda ya san tazarar da ke tsakanin dalar banki da ta 'yan canji a nan kafin Yunin 2023.

Tallafin man da ya tayar da gardamarku ma dangin wannan ne. Ya ci sama da naira tiriliyan 4 a 2022, kuma duk ɗan Sakkwato ya san jarkokin da ke bin hanyar Illela zuwa Ƙonni. Wannan bai sa na raina raɗaɗin janye shi ba. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ba a tanadi komai ba, kuma manomin rani mai injin fetur yana cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Tunda a Sakkwato muke, na san wani zai kawo maganar addini. Hukunci na malamai ne, ni abin da ya shafi fannina kawai zan nuna. Hadisin Anas ya zo cewa kaya sun yi tsada a Madina, aka roƙi Annabi (SAW) ya yanke farashi, bai yi ba. Amma kuma an hana ɓoye abinci don ya yi tsada, an wajabta zakka, an ce mutane sun yi tarayya a ruwa da makiyaya da wuta. Mallakar mutum tabbatacciya ce, gado ma a kanta ya ginu, sai dai an ɗora mata haƙƙoƙi. Wanda ya ce wannan gurguzu ne ya yi ƙari, haka ma wanda ya ce jari-hujja ce tsantsa.

Abin da mai sukar gurguzu shi ma zai amsa

Kada abokinka na biyu ya yi saurin murna. Kyuba tana ƙarƙashin takunkumin Amurka tun 1962, kuma da Sobiyet ta rushe tattalin arzikinta ya ragu da kusan kashi 35. Benezuwela ta fara durƙushewa kafin takunkumin 2017 da 2019, amma takunkumin ya ƙara mata nauyi. Raba kason laifin tsari da na takunkumi abu ne da masana ke saɓani a kai har yau, domin ƙasa ba ɗakin gwaji ba ce da za a sake maimaita tarihinta. Abin da ya fi kusa da gwaji shi ne al'umma ɗaya da aka raba biyu, Jamus da Koriya. A duka biyun ɓangaren kasuwa ne ya yi nisa, a Koriya tazarar abin da mutum ke samu ta kai kusan ninki 30. Sai dai Koriya ta Kudu ba sakin kasuwa ta yi ba. Gwamnati ta raba wa manoma gonaki, ta riƙe bankuna, ta zaɓi masana'antun da za ta goya wa baya, wanda ya kasa sayar da kaya a waje kuma ta janye masa.

Fita daga gurguzu da gaggawa ma ta yi ɓarna. A Rasha bayan 1991 an yi gwanjon dukiyar ƙasa ga 'yan tsiraru, tattalin arziki ya ragu da kusan kashi 40, tsawon ran maza ya faɗo ƙasa da shekara 58 a 1994. A gida, sayar da kayan gwamnati ya ba da sakamako gauraye. Kafin 2001 layukan waya a Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, yau sun haura miliyan 150. Kamfanin siminti na Kalambaina, wanda ya fara aiki a 1967 aka sayar da shi a 2000, yanzu yana fitar da ninkin abin da yake yi a da sau da yawa, ko da yake kamfanoni ƙalilan ne ke riƙe da kasuwar siminti kuma mai gini na ji a aljihunsa. Rarraba lantarki kuwa an sayar da shi a 2013, har yau janareto da sola ne ke riƙe da masu sana'a. Inda aka samu gasa abu ya gyaru. Inda aka ɗauke babakere daga hannun gwamnati aka miƙa wa mutum guda, sunan mai shi kawai aka canza.

Kuma ƙwace wa manomi ƙasa ba cutar 'yan gurguzu kaɗai ba ce. A Bakolori, wadda a lokacin tana cikin jihar Sakkwato, an gina dam a shekarun 1970 da kamfanin Italiya, aka tashi dubban manoma, diyya ta zo da tangarɗa. Da suka tare hanyoyi, a Afrilun 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane da har yau ake saɓani a kan yawansu. Gwamnatin NPN ce a lokacin, ba mai kiran ta 'yar gurguzu. Abin da ya haɗa Bakolori da Tanzaniya shi ne an zauna a ofis an yanke wa manomi yadda zai yi da gonarsa, ba a tambaye shi ba.

Mu da wannan muhawara

Ba yau aka fara ta a Arewa ba. NEPU ta Malam Aminu Kano tun 1950 take maganar talakawa, gwamnonin PRP kuma, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, sun soke haraji da jangali a 1979. Kwamitin siyasa da Babangida ya kafa ƙarƙashin Samuel Cookey ya zagaya ƙasa, a rahotonsa na 1987 ya ba da shawarar a rungumi gurguzu, gwamnati ta ƙi. Amma ko ba da sunan ba, mun yi zamanin da gwamnati ke da jiragen sama da na ruwa da otal-otal da masana'antar takarda, ga matatun mai huɗu, ga masana'antar ƙarfe ta Ajakuta da aka ba kamfanin Sobiyet kwangilarta a 1979 har yau ba ta kammalu ba.

Shi ya sa nake ganin kwatanta mu da Norwe ya fi koyarwa fiye da duk misalan da abokanka suka kawo. Mu mun samu mai a 1956, su a 1969. A duka ƙasashen gwamnati ce ta mallake shi. Su suka kafa asusu a 1990, suka zuba kuɗin farko a 1996, suka ɗaure kansu da ƙa'idar cin kusan kashi 3 cikin ɗari kawai a shekara. Yau asusun ya haura dala tiriliyan ɗaya da rabi, kuma duk hannun jarin da ya saya a duniya a wallafe yake, kowa na iya dubawa a intanet. Mu muka buɗe asusun rarar mai a 2004, ya kai kusan dala biliyan 20 a 2008, zuwa 2022 abin da ya rage a ciki bai kai dala miliyan ɗaya ba. Mutanen Norwe ba su kai miliyan 6 ba, don haka ko da mun yi irin riƙonsu kason kowannenmu ba zai kai nasu ba, amma yawan jama'a ba shi ya kwashe asusunmu ba.

Idan ra'ayina kake so, ga shi. Ba na goyon bayan gwamnati ta karɓi gona ko shago ko ta yanke farashin hatsi, domin duk inda aka yi haka talakan da aka ce don shi ake yi ne ya fara kwana da yunwa. Amma ina goyon bayan ta sa hannu da ƙarfi, fiye da yadda take yi yanzu, a abubuwan da ɗan kasuwa ba zai taɓa yi wa mutumin Gudu ko Tangaza ba: makarantar firamare mai malami a ciki, asibitin da mai naƙuda za ta samu ungozoma da dare, yashe magudanan ruwan Goronyo, hanyar da motar albasa za ta bi, da tsaron da zai bar manomin Isa da Sabon Birni ya je gonarsa. Waɗannan kuɗi suke ci, kuma harajin da Najeriya ta tara a 2021 bai kai kashi 11 cikin ɗari na abin da ta samar ba. Don haka ka tambayi abokinka mai son Suwidin ko ya yarda a karɓi irin harajinsu daga aljihunsa, kuma wace hanya yake da ita ta bin sawun kuɗin bayan an karɓa. Shi kuma ɗayan ka tambaye shi wane ɗan kasuwa ne zai gina aji a ƙauyen da iyaye ba su da kuɗin makaranta.